Turmi na Uku a Tambuwal

Dambe wahala ce. Duk wanda ya ce maka abin daɗi ne, daga cikin 'yan kallo yake magana, da gyaɗarsa a hannu. Ni da na yi shekara da shekaru ina yi, ban fita da komai ba sai hannun dama da ba ya buɗewa sosai, da haƙora fuɗu da na baro a garuruwan mutane. In sanyi ya shigo, sai an gasa min kafaɗa da ruwan zafi kafin in iya ɗaga wuƙa. Ka yi tafiyar yini a ƙasa, ka kwana a zauren wanda ba ka sani ba, a dake ka, ka daki wani, ka dawo gida da kumburarriyar fuska, matarka ta dafa maka kunu don ba ka iya tauna. Kuma ba zaɓa na yi ba. Mu mahauta ne. A Kebbe na buɗe ido na tarar ubana yana fawa, in kaka ta yi ya naɗe hannu ya bi ƙauyuka. Abin da na gani shi na yi.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma, a bi shi da zare a ɗaure tamau har ya koma kamar dutse. Da shi ake duka. Ɗayan a buɗe yake, da shi ake karewa da ture mutum. Ana shuri da ƙafa ma. Turmi uku ake yi, wato karawa uku da ɗan hutu a tsakani. In ka kai mutum ƙasa, ko da gwiwarsa ce kawai ta taɓa, ko tafin hannunsa, to ka kashe shi. Haka muke cewa, kisa, ko da ya tashi yana kakkaɓe wando yana dariya. In an gama turmi uku kowa na tsaye, ba kisa, a raba, kowa ya koma wurin mutanensa.

Ni ba a taɓa kashe ni ba. Ba yabon kai nake yi ba, abin da nake da shi ke nan duk duniya. Gonata ƙarama ce, karatuna bai wuce na salla ba da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Makaɗin rundunarmu sa'ana ne, tsamurarre, mai baki kamar reza, tare aka yi mana kaciya. Shi ya ɗora min kirarin da aka san ni da shi daga Kebbe har Tambuwal: "Gwiwakka ba ta san ƙasa ba sai ga salla." In ya sa kalangu a hammata ya kaɗa wannan, ko ina tsakiyar fiɗa sai tsikar jikina ta tashi. Saboda kirarin nan ake fara gaishe ni a rumfar mahauta. Saboda shi in an yi gardama kan rabon nama ake cewa a tambaye ni. Ba don na fi kowa hankali ba.

Akwai kuma abin da muke kira sa zare, wato ƙarami ya nemi babba. In babban ya kashe yaron, ba labari, haka aka zata. In yaron ne ya kashe babba, to babban ya gama. Na san wannan da kyau, don ni ma na gama wani. Ina saurayi na sa wa wani ɗan dambe na wajen Fakku zare, mutumin da furfura ta fara fito wa a gemu, na kai shi ƙasa a turmin farko. Ban ɗaga shi ba. Na zaga shi ina rawa, na sa makaɗi ya kira sunansa sau uku. Daga ranar bai ƙara zuwa kasuwar Kebbe ba, ɗansa yake aikowa. A lokacin ban ga laifina ba. Haka na ga ana yi, haka na yi.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da kuɗin mai suka shigo, bayan an yanka mana jiharmu ta Sakkwato. Lokacin kowa ya ruɗe. Wanda jiya yake bin jaki, yau ka gan shi kan babur da tabarau. Samari su tafi kudu su dawo da rediyo a kafaɗa, suna gaishe ka a tsaye. Nama ya yi kasuwa, ban musa ba, amma mu na Kebbe hanyarmu tana nan yadda Allah ya yi ta, rairayi da ramuka. Sai wani Alhaji ɗan kwangila, wanda ya samu a aikin hanya, ya ce zai haɗa dambe irin na birni a Tambuwal bayan an gama shigar da hatsi. Ya aiko mana har gida. Ya ce akwai rediyo babba mai cin kaset, na wanda ya yi kisa ne a damben ƙarshe. Damben ƙarshe kuwa nawa ne, kowa ya sani.

Na doshi arba'in lokacin. Kuma da damina wani bijimi ya harbe ni a gwiwar hagu muna ƙoƙarin kayar da shi. Na ɓoye. A gaban mutane ina takawa daidai, in na shiga gida in zube a tabarma. Matata kaɗai ta sani, ita ke shafa min man shanu da ɗumi.

"Maigida, wagga ƙafa ba ta kai ka Tambuwal," ta ce.

"Mota za ta kai ni."

"Motar za ta shiga fili ta tsaya maka?"

Na ce ta kawo min tuwo. Me zan ce mata? In na ƙi zuwa za a ce na ji tsoro, tsoro da kisa kuwa wa da ƙane ne.

Muka hau bayan wata tsohuwar motar katako, mu da buhunan gero da awaki. Sau biyu ta kafe a rairayi, sau biyu aka ce kowa ya sauka a tura. Wa zai ga mai kirari irin nawa ya koma gefe ya harɗe hannu ana turi? Na tura. Kafin mu ga kwaltar Tambuwal gwiwar ta kumbura kamar ƙullin fura. Da muka sauka na zaga bayan gida na ɗaure ta da tsumma, na soka laya a ciki yadda bakinta zai leƙo, don a ɗauka abin tsari ne.

Filin ma bai yi min ba. Mu mun saba a share wuri a bakin gari, mutane su zagaye, dattawa su raba in ta yi tsami. Nan an kewaye da zana, an sa ƙofa, an jera bencuna ga manya. An kafa lasifika kan sanda. An ɗauko wani malamin makaranta an ba shi usur, wai shi ne alƙali, mutum mai laushin hannu wanda ban ga alamar ya taɓa yanka ko kaza ba. Wani kuma yana zaune gaban makaɗa da rikoda a cinya, yana ɗaukar komai a kaset don a kai kasuwanni. Shi ya fi damuna. Dauri in an kashe mutum, waɗanda suka gani su ba da labari, labarin ya tsufa ya mutu. Yanzu kullum za a riƙa kashe ka a teburin mai shayi.

An so a yi wasan da fitilu, injin wutar ya ƙi tashi. Sai aka fara bayan la'asar, aka ce a gama kafin rana ta faɗi.

Damben farko wasu samari biyu ne, ɗan Tambuwal da ɗanmu. Namu ya sha ɗaya a haɓa tun bai gama gyara tsayuwa ba, ya zauna daɓas. Lasifika ta ce kisa, ta faɗi sunansa da na ubansa da na unguwarsu, abin da ba a taɓa yi ba. Wanda ya yi kisan kuma ya tsallake shi yana ƙasa. Wani tsohon mahauci ya taso daga benci da sandarsa.

"Kai ɗan nema! Mutum kaka tsallaka? Koma ka tashe shi!"

Ya koma yana zumɓura baki, ya miƙa masa hannu. Dambe na biyu turmi uku aka yi ana ture-ture kamar raguna, ba kisa, 'yan kallo suna ihu a fitar da su. Dambe na uku ya fi muni. Wani gajere ya share ƙafar abokin karawarsa da shuri, shi kuma da ya tashi ya rantse santsi ne, a wurin da ko raɓa babu. Ya ɗebi ƙasa ya watsa wa malamin usur. Aka janye shi yana zagin kowa, har da lasifika. An yi wasu biyu ko uku bayan nan, ban kalla ba. Ina zaune ana naɗe min hannu, gwiwa tana bugawa kamar an ba ta nata kalangun.

Zatona da wani sa'ana za a haɗa ni, wanda muka san juna, mu yi turmi uku na mutunci a raba mu. Sai ga wani dogo ya fito daga ɓangaren mutanen Dogon Daji. Bai fi shekara ashirin da biyar ba, baƙi, mai dogayen hannuwa. Ana cewa tun da kakar ta kama ba wanda ya gama turmi biyu da shi. Ya ratso fili ya zo gabana ya rusuna.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana."

"Baba, a yi min gafara."

Sannan ya miƙe, ya miƙo min dunƙulen hannunsa. Fili ya ɗauka da ihu. Zare ke nan ya sa min, a gaban Alhaji da rikoda.

Makaɗina ya matso kunnena. "Wanga da anka yaye jiya? Tashi ka ba shi nono shi koma gida."

Na tashi.

Mai duka da dama ƙafar hagu yake sawa gaba, wato mai ciwon ita ce a bakin wuta. Turmin farko da wayo na ci shi. Tsoho ba ya bin yaro, jira yake. Ya yi ta auna ni da dogon hannun nan nasa yana zagaya ni, ni kuma ina juyawa a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Da ya matso fiye da kima na zuba masa ɗaya a haƙarƙari, na ji ya yi nishi. Aka busa usur. Mutanenmu suka yi ta tsalle kamar an gama.

A turmi na biyu ya kawo shuri ya sami gwiwar, ba ma da ƙarfi ba. Ban yi ƙara ba, amma fuskata ta tona ni. Na ga idonsa ya sauka kan tsumman, ya dawo kan fuskata. Ya gane. Na ce a raina shi ke nan, duk mai hankali nan zai yi ta sara har itace ya faɗi. Da ni ne, nan zan sara. Bai ƙara kai ƙafa wurin ba. Sama ya koma, ya yi ta aiko min da hannu, ɗaya ya fasa min leɓe, wani ya sa kunnena ƙara. Kada a ce wasa ya yi da ni, dukan gaske ya yi min. Mutanensa suna ihu, "Ƙafa! Ƙafatai!" shi kuwa kamar kurma.

Kafin turmi na uku numfashina ya ƙare. Rana ta yi ja. Aka zuba min ruwa a ka, na ji kamar in ce a bar ni a zaune. Na yanke a raina in tara duk abin da ya rage min in kai hannu ɗaya, ko ni ko shi. Na jira har ya buɗe, na kai. Ya goce. Nauyina duka ya tafi kan hagu, nasa hannun ya same ni a bayan kunne, gwiwar ta lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Na tafi. Na ga ƙasa tana tasowa, har ɓawon gyaɗa na gani a wurin da zan sauka. Abin da ya rage tsakanin gwiwata da ƙasa bai fi faɗin yatsa uku ba.

Sai na ji an cusa min hannu a hammata. Ya faɗo jikina kamar mai neman kokawa, ya kafa kansa a ƙirjina, ya ɗago ni da hannun da ba a naɗe ba. Daga nesa ka ce rungumar gajiya ce, irin wadda 'yan dambe ke yi in sun galabaita. Ina jin numfashinsa a wuyana. Ya ce a hankali, "Taka da dama, baba. Da dama."

Na taka da dama.

"Sake shi! Sake shi shi faɗi!" wani ke ihu daga ɓangarensu da murya mai kaushi. Daga baya na ji yayansa ne. Bai sake ni ba. Rungumar ta daɗe har malamin ya busa ƙarshen turmi, ya zo yana taɓa mu da yatsa kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Kafin nan ƙafar ta ɗan dawo hayyacinta. Muka rabu kowa na tsaye.

Alhaji ya taso yana tattara babbar riga. "A'a, a'a. Rediyo guda na, ba a tsaga shi biyu. A ƙara turmi mu ga mai shi."

Tsohon nan mai sanda ya ce, "Alhaji, uku munka gada."

"Lasifika kunka gada? Injin wuta kunka gada? Zamani ya sake, baba."

"Injin naka ma ai bai tashi ba."

Aka kwashe da dariya har kan bencin manya. Alhaji ya ji zafi, ya juyo kanmu. "To ku mi kunka ce?"

Nan ne abin kunyata yake. Na san ko rabin turmi ba zan ƙara ba. Na kuma san abin da ya kamata namiji ya ce: an riga an kashe ni, a ba yaro kayansa. Maganar ba ta da tsawo. Tana cikin bakina tare da jini. Na haɗiye su tare.

Dogon ne ya yi magana. Ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa yana yamutsa fuska. "Ranka shi daɗe, wuyan hannuna ya goce. Ba ni iya ƙarawa."

Hannun da ya gama fasa min baki da shi.

Lasifika ta ce ba kisa. Alhaji ya ce a ba makaɗa rediyon, tunda su kaɗai suka yi aikinsu, ya tafi motarsa. Makaɗina ya saki kirarin nan da duk muryarsa, mutanenmu suka kwaso a guje, aka ɗaga hannuna sama. Ban hana ba. Har 'yar rawa na taka, da ƙafar dama. Ta gefen ido ina ganin yayan dogon yana nuna shi da yatsa a fuska, sauran sun juya masa baya, shi yana kwance zarensa da haƙori. Ɗan dambe ba ya kwance wa kansa hannu, sai in nasa sun yi fushi da shi.

Kaset ɗin ya yi yawo shekaru. Na sha jinsa a tasha da wurin masu shayi, har a Kebbe. Kiɗa, ihu, sai muryar nan mai kaushi ta fito tsaf, sake shi shi faɗi, sannan usur, sannan kirarina. In an zo kan kirarin mutane su juyo su dube ni suna murmushi. Ni tun a muryar nan shayin yake fita raina.

Kafin a kira magariba ranar, na zame daga cikin mutane na tafi rijiyar da ke bayan filin in wanke jini. Na tarar da shi can yana jan guga da hannun da ya ce ya goce.

"Hannun ya warke ke nan?"

Ya yi sauri ya mayar da igiyar ɗaya hannun. "Da sauƙi, baba."

Ya zuba min ruwa, na wanke fuska na kurkure baki. Na duba ba kowa kusa sai wata mata da ke ɗora tulu, ita ma ta wuce.

"Mi yas sa kar riƙe ni?"

"Ni? Ban riƙe ka ba, baba. Wanda kab ba ni ga haƙarƙari tun turmin farko shina cina. Faɗuwa za ni yi, nig ga bango kusa, nid dogara."

"Bango."

"Bango, baba."

"To bangon kac ce ma shi taka da dama?"

Ya dubi cikin guga. "Hayaniya ta yi yawa. Wataƙila wani kaj ji."

"Kai, ni ba abokin wasanka ba na. Ka san da ni nig ga wagga ƙafa gare ka, tun turmi na biyu nika gama ka?"

"Na sani, baba. Muna jin labarinka."

Bai faɗa da gatse ba. Da da gatse ya faɗa, da na sami abin riƙewa, in zage shi in ji sanyi. Na so in yi godiya, baki ya ƙi. Na so in yi faɗa, ba dalili. Gaskiya haushinsa nake ji. Wanda ya kashe ka, ka san inda kuka tsaya da shi. Wanda ya tallabe ka kamar jinjiri a gaban jama'a kuma ya ce bai yi ba, ta ina za ka kama shi? Aka kira salla. Ya cika buta ya ajiye min a gabana, ya tafi.

Gidan wani ɗan'uwanmu mahauci muka sauka. Da aka kawo tuwo, makaɗina yana gefe da rediyon a cinya, yana shafa shi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sauran makaɗan sun bar masa shi don ya girme su.

"Kai maroƙi, ka gani?"

"Mi?"

"Turmi na uku."

"Ni kalangu nika kallo."

"Kalangu ga hammata shike. Idonka biyu suna ga fili."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "In na gani, in kaɗa mi? Gwiwakka ta kusa? Ba shi hawa kiɗi. Ta taɓa ko ba ta taɓa ba?"

"Ba ta taɓa ba."

"To ci tuwonka, ɗan fawa."

Gaskiyarsa. A dokar wasa ba a kashe ni ba. Malamin usur bai yi kuskure ba, lasifika ba ta yi ƙarya ba, ko gaban alƙalin gaske aka je ni ke da gaskiya. Amma loma uku na yi na ture kwanon. Yaron zai koma Dogon Daji hannu banza, da sunan wanda tsoho ya gagara, yayansa na zaginsa a hanya. Ni kuma in koma Kebbe da sunan da ya ara min, in ci gaba da zama a rumfa ana fara gaishe ni. Na gaji da dukan, na gaji da hanyar, na gaji da ɓoye ƙafa, amma wannan gajiyar daban ce, ba ta jin ruwan zafi.

Washegari bayan sallar asuba na bi mai masaukinmu mayanka. An kayar da wani farin sa mai ƙiba, na kama musu fiɗa ina zaune kan kututture. Da aka zo rabo na ce a cire min tozon gaba ɗaya, kada a taɓa shi da wuƙa. Mai masaukin ya dube ni, bai tambaya ba. A wurinmu tozo ba naman kowa ba ne washegarin dambe. Wanda aka kashe, in ɗan halas ne, shi ke kai wa wanda ya kashe shi. An daɗe da sakin al'adar, amma ba mahaucin da bai san ta ba. Ni karɓa kawai na sani.

Na naɗe shi a takardar siminti, na ɗingisa zuwa tasha ta tsakiyar gari, ban ɓoye ɗingishin ba. Mutanen Dogon Daji suna zaune kan kayansu suna jiran mota, dogon yana can gefe shi kaɗai. Na yi musu sallama, na wuce yayansa, na tsaya gabansa. Na buɗe takardar yadda kowa zai gani, na miƙa masa da hannu biyu.

Duk suka juyo. Yayan ya cire asuwaki daga baki.

Dogon ya miƙe tsaye. Ya dubi naman, ya dube ni, ya sosa ƙeya.

"Haba baba," ya ce. "Ka ɓata min ƙaryata."

"Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Na ce su gai da gida, na juya. Motar Kebbe ba ta cika ba sai da hantsi, na sami inuwar wata dalbejiya na zauna, na miƙe ƙafar, na jira.